Uwar Tukunya da Tabon Kumatunta

Duk wadda ta yi karatu a makarantar kwana ta 'yan mata da ke bayan tsohuwar tashar mota ta san Uwar Tukunya, ko da ta manta fuskar shugabar makarantar zamaninta. Ɗalibai ne suka laƙaba mata wannan suna, ya bi ta har ya danne na ainihi. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa da kaurin damtse, muryarta kuwa tana ratsa hayaniyar ɗakin cin abinci ba tare da ta ɗaga ta ba. Ta shiga madafar makarantar tana matashiya, mijinta bai daɗe da rasuwa ba, da goyon ɗa guda a bayanta. Da wankin tukwane ta fara, ta koma yankan albasa, sannan hura wuta, har ranar da aka danƙa mata babban ludayi aka ce ita ce shugabar masu girki. Daga bakin ƙofa takan ji ƙarar tafasar shinkafa ta ce a janye itace, kuma ba a taɓa kama ta da kuskure a kan haka ba.

A bayan wannan madafa ɗanta ya girma, a kan buhunan wake ya yi bitar karatunsa, har ya zama injiniya mai ofis da mota. Tun da ya samu aiki take kiransa Yallaɓai, rabi zolaya rabi alfahari.

Tabon fuskarta ya girmi Yallaɓai da 'yan watanni, domin da cikinsa ya zo mata. Duhu ne ya kwanta a kumatunta biyu, ya ɗan hau karan hanci, kamar wanda aka shafa da yatsa mai toka. Bayan ta haihu ya dushe, daga baya ya dawo, ya yi ta tafiya yana dawowa har ya samu wurin zama. Bai taɓa damunta ba. Babu madubi a madafa, kuma yarinyar da ta zo da kwano tana jin yunwa ba kumatun mai rabo take kallo ba.

Abin da ya raba ta da aikin tsautsayi ne. Wata safiya tukunyar ruwan zafi ta goce daga kan murhu ta watsa mata a hannu. Yallaɓai ya same ta a asibiti an naɗe hannun, ya tsaya a kanta idanunsa sun yi ja.

"Inna, ya isa haka," in ji shi. "Me mutane za su ce da ni? Ina zaune a ƙarƙashin fanka, uwata tana ƙonewa a bakin wuta? Ki yi mini alkawari kin bar murhu har abada."

"Yallaɓai, ɗan ƙunar nan ne za ka mayar da shi shari'a?"

"Alkawari nake so, Inna."

Ta dube shi, ta ga yaron nan na kan buhun wake ne yake roƙonta, ta yi alkawarin. Makaranta ta sallame ta da girmamawa, aka miƙa ludayi ga mataimakiyarta, wata aminiyarta da ake kira Doguwa. Shi kuma ya kwashe kayanta ya kai ta gidansa, ya ba ta ɗaki mai labule da katifa mai laushi.

Matar Yallaɓai yarinya ce mai ladabi, ladabin ma har ya yi yawa. In Uwar Tukunya ta miƙa hannu za ta ɗauki tsintsiya, sai surukar ta riga ta. In ta leƙa kicin, sai a tarbe ta da kujera a ce, "Inna, ku zauna, yanzu za a kawo muku." Haka ta wayi gari tana cin abincin da ba ta san lokacin da aka ɗora shi ba. Hannayenta suka yi laushi, yini ya yi mata tsawo, ta rasa abin da za ta yi da kanta in ban da ƙirga motocin da ke wucewa ta taga. Wata rana ta ce za ta je duba Doguwa, wai ciwon ƙafa ya kwantar da ita. Ƙafar Doguwa lafiya lau take. A tsaye ta same ta a madafa tana faɗa da sababbin ma'aikata, miya tana neman kamawa. Uwar Tukunya ba ta san lokacin da ta ajiye mayafi ta karɓi ludayin ba.

Daga ranar ciwon ƙafar Doguwa ya ƙi warkewa. Kullum da safe, da zarar Yallaɓai ya fita, sai ta yafa mayafi ta ce za ta je ta ga jikin aminiyarta. Tana da tsohon zane da riga a cikin sito, takan sauya in ta isa, ta wanke jiki kafin ta dawo. Ta ɗauka babu wanda zai gane.

Ana haka aka yi taron karrama Yallaɓai a wurin aikinsa, ya tafi da ita, aka ɗauki hotuna. Hasken mai hoto bai yi mata sutura ba. A hoton da aka ƙara wa girma aka rataye a falo, tabon ya fito fili, ya fi yadda take ganinsa a madubin ɗakinta duhu. Matar wani abokin aikin Yallaɓai ta zo ziyara, ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta rage murya ta tambayi surukar, amma ba ta rage yadda tsohuwar ba za ta ji ba: "Man bilicin ne ya ƙona ta? Da shekarunta?"

Uwar Tukunya ta ji kamar ƙasa ta buɗe ta shige. Ita da ko hoda ba ta taɓa saya ba, yau ake zarginta da neman fari. Maganar ta kai kunnen Yallaɓai, washegari ya ce matarsa ta kai Inna wurin likitar fata.

Asibitin wuri ne mai sanyi da ƙamshi, kujerunsa na fata, a bango an liƙa hotunan mata masu fuska kamar ƙwai. Likitar mace ce mai fara'a. Ta haska fuskar tsohuwar da wata 'yar fitila, ta ce sunan abin melasma, ba cuta ce mai kisa ba, ba kuma ta yaɗuwa, amma tana da naci. Ta ce fatar ce take ƙara duhu a wasu wurare, ciki yakan tayar da ita, rana tana ciyar da ita, zafi ma haka.

"Mama, kina aikin da ke kai ki kusa da wuta?" likitar ta tambaya. "Girki mai yawa, ko guga, ko makamancinsu?"

Kafin Uwar Tukunya ta buɗe baki, surukar ta amsa cike da alfahari: "Da dai ta yi, likita. Yanzu kuwa Inna ko ashana ba ta ƙyastawa. Maigidan ya hana."

Likitar ta dubi tsohuwar tana jiran tabbaci. Uwar Tukunya ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka ne." Kalma biyu kacal, amma sun yi mata nauyi a harshe kamar dutse.

Aka ba ta man shafawa iri biyu, ɗaya na rage duhun, ɗaya na kare fata daga rana, aka ce ta guji fita da tsakar rana. A nan fa Uwar Tukunya ta nuna ita mace ce mai bin doka. Ta sayi lema, ta sayi malafa mai faɗin baki. Ba ta tsallake shafa mai ko sau ɗaya ba. In za ta tsallaka titi sai ta bi inuwar gine-gine, ko da hanyar za ta ƙara tsawo. A ranta ta yanke cewa in ta cika dokar rana fiye da yadda aka nema, ladan zai rufe gibin dokar wuta. Sai ta isa makaranta a lulluɓe kamar mai gudun ruwan sama, ta jingine lemar a bakin ƙofa, ta rataye malafar a ƙusa, ta tura fuskarta cikin tururin babbar tukunya.

Doguwa ce ta ƙara mata ƙarfin gwiwa. "Ke dai ba ki da wayo," in ji ta. "Tururin nan ai taimako ne. Shi zai buɗe fatar, man ya shige ciki sosai. Ba kya ganin masu gyaran jiki har kuɗi suke karɓa su turara fuskar mutum? Ke kuwa ga shi kyauta, har da ƙamshin albasa."

"Likita ce ke yanzu, Doguwa?"

"Ni da na yi wata da watanni ina jinyar ƙafar da ba ta ciwo? Ai na fi likita."

Suka yi dariya har ɗaya daga cikin ma'aikatan ta leƙo. Daga nan Uwar Tukunya ta riƙa shafa man kafin ta buɗe murfi, tana tsayawa a kan tururin da gangan.

Watanni suka shuɗe, tabon bai gusa ba. Likitar ta sauya mai, ta ƙara wani, ta sake tambaya game da rana, surukar ta ba da shaidar lema da malafa. A ƙarshe likitar ta ce tun da mai ya kasa, za a gwada hasken lesa, wato na'urar da ke cinye tabo da haske, a hankali, da ƙarfi kaɗan, domin fata mai duhu ba ta son a matsa mata. Ta yi gargaɗi da babbar murya cewa bayan an yi, fatar za ta zama kamar ta jariri, rana ko zafin wuta in suka taɓa ta tabon zai iya dawowa fiye da da.

A lokacin Uwar Tukunya ta so ta yi magana. Ta buɗe baki, ta ga surukarta tana gyara mata mayafi a kafaɗa, ta rufe.

Aka kwantar da ita a kan wani siririn gado, aka rufe mata idanu da baƙin tabarau. Na'urar tana ƙara ƙyas-ƙyas, kowane ƙyas kamar tartsatsin mai ne ya faɗo mata a kumatu. Likitar tana ta yi mata sannu. Ita kuwa da ta sha tartsatsin gaske shekara da shekaru ba zafin ne ya dame ta ba. Abin da ya dame ta shi ne matar nan mai ilimi tana ta wahala a kan fuskarta da zuciya ɗaya, alhali an ɓoye mata rabin labarin.

Ta yi niyyar zama a gida, kuma ta zauna na 'yan kwanaki. Sai Doguwa ta bugo waya cewa ɗalibai sun shiga jarrabawa, biyu daga cikin ma'aikata ba su da lafiya, yara sun shiga aji da shayi kawai. Uwar Tukunya ta ce a ranta za ta je ta tsaya daga nesa ta ba da umarni. Nesa ɗin bai wuce lokacin da ta ga wata sabuwar ma'aikaciya tana juya shinkafa kamar mai haƙa rami ba. Ta yini a bakin murhu, ta koma washegari, ta koma jibi.

Kafin ranar komawa asibiti ta zo, kumatunta sun yi baƙi ƙirin, tabon ya bazu har goshi da saman leɓe. Ta daina fitowa falo in an yi baƙi. Ta juya madubin ɗakinta ya fuskanci bango.

Wannan karon Yallaɓai da kansa ya bar ofis ya raka su, ransa a ɓace, da niyyar tuhumar likita. Likitar ta daɗe tana duba fuskar, sannan ta ajiye fitilarta.

"Ranka ya daɗe, ba na ce na'ura ba ta kuskure ba," in ji ta. "Amma ƙarfin da na sa kaɗan ne ƙwarai. In Mama tana kiyaye rana kamar yadda kuka ce, to akwai wani zafin da ke kai wa fuskar nan. Dubi 'yan ƙananan ƙurajen gumin da ke goshinta. Wannan fuska tana tsayawa a kan wuta ko tururi, kuma ba na ɗan lokaci ba."

Yallaɓai ya juya a hankali ya dubi matarsa. Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi tsawa muni.

"Ashe in na fita, uwata kike turawa kicin?"

Surukar ta mayar da idonta ƙasa.

"Magana nake miki. Na kawo ta gidana ta huta, kika mayar da ita kukunki? A gaban idona ki riƙa ba ta kujera, in na juya baya ki miƙa mata tukunya?"

Uwar Tukunya ta jira yarinyar ta kare kanta, ta rantse, ta kira ma'aikaciyar gida shaida. Ba ta yi ko ɗaya ba. Hawaye suka gangaro mata, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ka yi haƙuri."

Wannan haƙurin da aka bayar a kan laifin da ba a yi ba shi ya karya tsohuwar. Ta san abin da za ta rasa in ta yi magana: madafar, da tururin, da Doguwa, da kiran da yara ke yi mata daga layi. Ta san kuma da wane ido ɗanta zai dube ta. Amma ta miƙe zaune a kan gadon, ta riƙe gefensa da hannu biyu.

"Yallaɓai, ka bar yarinyar nan. Ko cokali ba ta taɓa bari na wanke a gidanka ba. Ni ce. Makaranta nake zuwa."

"Wace makaranta, Inna?"

"Guda nawa ka sani? Ƙafar Doguwa lafiyarta ƙalau. Kullum ina bakin murhu tun bayan da hannuna ya warke. Na karya alkawarin da na yi maka, na yi wa likita ƙarya, na bar 'yar mutane tana raka ni ana shafa mai a banza." Ta juya wajen likitar ba tare da ta ɗaga ido ba. "'Yata, har tururin nake tara wa fuskar da gangan, an ce mini yana shigar da man. Ki yafe mini wahalar da na ba ki."

Yallaɓai ya dubi uwarsa, ya dubi matarsa. "Ke kuma me ya sa kika ba ni haƙuri?"

Surukar ta share ido da gefen mayafi. "Ni nake wanke mayafan Inna," in ji ta. "Ranar farko da muka zo nan ban sani ba. Daga baya na riƙa jin ƙaurin itace a jikinsu, mu kuwa da gas muke girki. Na ga in ta dawo daga duba ƙafar nan takan ci abinci sosai, har ta yi mini hira. Sai na kasa faɗa. Da aka zo maganar lesa na so na faɗa wa likita, na ji nauyin tona mata asiri. Laifina ke nan."

Uwar Tukunya ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya. Ashe duk safiyar da take tsara ƙaryar ciwon ƙafa, yarinyar tana tsaye tana cewa, "A gaishe ta, Allah ya ƙara sauƙi," alhali ta sani sarai. Ashe surukar ce take rufa mata asiri, ita tana ganin wayonta ne.

Likitar ce ta dawo da su kan maganar fuskar. Ta ce lesa dai an dakatar da ita, ba za a sake ba sai fatar ta huce, wataƙila ma ba za a sake ba sam. Za a koma kan mai a hankali. Ta ce ba za ta yi alkawarin tabon zai tafi duka ba, domin irinsa lallaɓa shi ake yi, ba korarsa ba, amma in aka raba fuskar da wuta zai sauka. Ta ƙara da cewa, tana kallon Yallaɓai, ita dai ba ta hana kowa fita daga gida ba, wuta kawai ta hana.

Da suka isa gida Uwar Tukunya ta shige ɗaki, ta jiyo ɗanta a falo yana ba matarsa haƙuri da muryar da ba ta taɓa jin ya yi amfani da ita ba. Kwanaki da dama bai yi mata zancen ba, gaisuwa kawai, ita ma ba ta iya haɗa ido da shi.

Wata safiya ya ƙwanƙwasa ƙofarta ya ce ta ɗauko lemarta. Ya kai ta a mota har bayan tsohuwar tashar mota, ya tsaya a ƙofar madafa, ya buɗe bayan motar ya fito da kujerar roba. Doguwa ta hango su, nan take ta fara ɗingishi.

"Gwaggo, ki daina," in ji Yallaɓai. "Asiri ya riga ya tonu."

"To ai ƙafar ta saba," in ji Doguwa.

Ya ajiye kujerar a bakin sito, inda iska ke shigowa kuma zafin murhu ba ya kaiwa, kusa da inda buhunan wake suke har yanzu. Ya daɗe yana kallon buhunan. Sannan ya ce, "Nan ne iyakarki, Inna. Wannan karon ba zan ce ki yi mini alkawari ba. Gwaggo, in ta wuce nan ki kira ni."

A kan kujerar nan Uwar Tukunya take zama har yau. Tana tsince wake, tana yanka albasa, ana kawo mata miya a ƙaramin kwano ta ɗanɗana ta ce a ƙara gishiri ko a bari. In ta ji ƙarar tafasa ta sauya, sai ta ɗaga murya daga nesa ta ce a janye itace. Babban ludayin yana hannun Doguwa, wani lokaci Uwar Tukunya takan bi shi da kallo har sai an yi mata magana. Tabon ya sauka daga goshi da leɓe, na kumatun ya dushe kaɗan ya tsaya, kuma ta bar ɓoye shi in an yi baƙi.

Abu ɗaya ne bai koma daidai ba. Kowace safiya surukarta ce take matso mata man kariya a tafin hannu, ta miƙa mata lema, ta ce, "A gaida Gwaggo da ƙafa." Ba da mugunta take faɗa ba, da murmushi ne. Uwar Tukunya takan karɓi lemar da hannu biyu ta ce, "Za ta ji," idonta a ƙasa, ta fita da sauri.